Ranar da Shanu Suka Lashi Ƙarfen Gada

Duk wanda ya zauna Garwa a zamanin Ahijo, in dai ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga kara, inda ake cinikin shanu, ta nufi kwata, inda ake yanka su, to ya san Lukmanu mai koron shanu. In bai san sunansa ba ya san dariyarsa, domin Lukmanu mutum ne da murna ba ta zama masa a ciki. Abu kaɗan zai faranta masa rai, sai ka ga ya tuɓe hula ya buga a cinya, ya daka tsalle, ya cafki wanda ke kusa da shi ya jijjiga, ko ya san shi ko bai san shi ba. Akwai wani dillali da ya daina tsayawa kusa da shi gaba ɗaya, don ya taɓa zubar masa da goro har da ɓallin riga.

A Banyo aka haife shi, a gidan fawa. Kakansa mahauci, ubansa mahauci, kowa ya ɗauka shi ma hanyar ke nan. Ranar da aka fara danƙa masa wuƙa yana saurayi, ya dubi bunsurun da aka kayar, bunsurun ya dube shi, sai Lukmanu ya sulale ƙasa sumamme. Bunsuru ya tashi ya tsallake shi ya kama gabansa. Kafin la'asar labari ya gama Banyo, har mata na aiko yara su leƙo shi. Uban ya ga abin ba na faɗa ba ne, ya haɗa shi da masu koro shanu zuwa arewa, ya ce tunda ba ya iya yanka, ya je ya yi rakiya. Da ƙafa ya iso Garwa a bayan garke, ya ga faɗin Binuwai, zafin garin ya dake shi a ƙeya, ya ce shi nan ya yi masa. Ya auri Hajjo mai ƙosai a bakin kara, wadda ta fi shi tsawo ta kuma fi shi hankali, suka haifi 'ya ɗaya, Saudatu, da ta yi aure a Yaguwa.

Tsakanin kara da kwata akwai wani mayo, rafin da ke cika da damina ya ƙafe da rani. Ba a bi ta ƙasa, gaɓar tsaye take, cikin kuma duk lambunan albasa ne. Sai dai a hau wata doguwar gada siririya da aka gina tun zamanin Faransa, wadda aka kafa wa baƙin bututun ƙarfe gefe da gefe don kada mutum ko mota su zarce. Shekaru sun ci ƙarfen nan sun ƙoshi. Kamiyon auduga, wato manyan motocin kaya, sun lanƙwasa shi, tsatsa ta cinye gindinsa, a wani wurin ma babu shi sam sai igiyar da wani bawan Allah ya ɗaura. Shanun da ake kawowa kuwa shanun daji ne daga tuddan Adamawa, ba su taɓa taka siminti ba. Da sun iso bakin gada suka ji ƙasa na amsa kofatonsu, sai su turje, su juya, su fantsama cikin unguwa.

Maganin wannan shi ne Madugu. Madugu jan sa ne fiɗiyayye, mai dogayen ƙahoni da tozo da ya kwanta gefe don tsufa. Na ƙungiyar mahauta ne, amma a gidan Lukmanu yake kwana. Aikinsa ɗaya ne a duniya: ya shiga gaba, baƙin shanu su ga ɗan'uwansu na tafiya hankali kwance, su bi shi. A bakin kwata sai ya ratse gefe, su wuce ciki, shi da Lukmanu su juyo gida. Ko aikin na kirki ne a idon shanu, wannan ba wanda ya tambaye su. Abin da kowa ya sani shi ne, saboda aikin nan ne Madugu ya tsufa a hannun mutanen da ba sa barin sa ya tsufa.

Idonsa na dama ya mutu tun yana da ƙuruciya, ƙahon wani bijimi ya soke shi. Saboda haka in zai hau gada sai ya matsa dama, ya jingina haƙarƙarinsa da bututun ƙarfe, ya riƙa gogarsa har ya ƙetare. Inda ƙarfen ya lanƙwashe ya sani, inda igiya take ya sani. Shekara da shekaru yana haka, har bututun ya yi sumul yana sheƙi a daidai tsayin jikinsa. Lukmanu kan tare direbobi ya nuna musu, ya ce su zo su koyi bin hannun dama wurin wanda ya iya. Yana son san nan so na gaske, ba ya ma ɓoyewa. Shi ke cire masa kaska, shi ke jiƙa masa dusa, shi ke zama kusa da shi bayan la'asar yana ba shi labarin kasuwa. Hajjo kan ce rabin abin da ke faruwa a gari, sai ta laɓe a bayan san take jinsa.

To, wata shekara bayan damina sai labari ya bazu cewa wata ƙasar Turawa ta ba meri, wato hukumar gari, tallafi, kyauta ba bashi ba, don a cire tsofaffin ƙarafan gefen hanya a sa sababbi, kuma gadar kara na cikin wuraren farko. Duk Garwa ba wanda ya kai Lukmanu murna. Ya taɓa ganin karsana ta zurma ta wajen igiyar nan, kukanta bai bar kunnensa ba, don haka murnarsa tana da dalili. Amma Lukmanu ba ya tsayawa a kan dalili. Kafin azahar ya riga ya gaya wa rabin kara cewa labarin Madugu ne ya kai ƙasar Turawa, suka ce bai kamata sa irin wannan ya riƙa goga jikinsa da tsatsa ba.

"Baban Saudatu," in ji Hajjo tana juya ƙosai, "wa ya gaya maka haka?"

"Sai an gaya mini? To don wa za su yi? Don ke?"

"Allah ya kyauta. Matsa mini daga gaban wuta."

Da ma'aikata suka iso da kaya, shugabansu wani Célestin ne, Kirista daga duwatsun wajen Mokolo, dogo mai fara'a, wanda ya koyi Hausa a kasuwa yana gauraya ta da Faransanci yadda ta zo masa. Lukmanu ya manne masa tun ranar farko. Ba wanda ya ɗauke shi aiki, amma shi ne mai kawo ruwa, shi ne mai riƙe diga, shi ne kuma da hannunsa ya jijjige bututun dama yana rera waƙa, ya taya aka jefa shi cikin kamiyo. Ya tsaya yana ɗaga wa kamiyon hannu har ya sha kwana.

"Baba Lukmanu," in ji Célestin, yana buga sabon ƙarfen da tafin hannu, "wannan gardi-fu ne na gaske, a jirgin ruwa ya zo. Kamiyo ya buge shi, kamiyo ne zai yi kuka. Voilà!"

Ƙarfen kuwa abin kallo ne. Fari fat, faffaɗa, mai ninki kamar kwanon rufi, an ɗaure shi da manyan kusoshi. Sai dai ƙasa-ƙasa yake, bai wuce gwiwar mutum da yawa ba, don an auna shi da tayar mota ne. Lukmanu ya duba fuskarsa a ciki, ya gyara hula, ya ce ko a Yawunde sai an tona kafin a sami irinsa.

Lokacin aikin an rufe gada, mahauta suna zagaye mai nisa suna ƙorafi. Ranar da aka buɗe ta don gwaji, da tsakar rana, Lukmanu ya shafa wa Madugu man gyaɗa a ƙaho, ya sa shi gaba, garke na biye, shi kuma yana tafe yana washe baki ga jama'a. Madugu ya hau gada, ya matsa dama, ya karkata jikinsa yadda ya saba. Haƙarƙarinsa bai taɓa komai ba. Ya ƙara karkata, babu. Ya ƙara, sai ƙafarsa ta gaba ta manne da ƙarfen da ranar Garwa ta wuni tana gasawa. Madugu ya zabura, ya saki kukan da ba a taɓa jin ya yi ba, ya ja da baya ya tsaya cik yana rawar jiki. Shanun da ke bayansa suka ga jagora ya tsorata, ai kuwa suka watse. Wata ta shiga gidan mai tukwane, wata ta bi limamin unguwa har zaure, wani bijimi kuma ba a same shi ba sai washegari a wajen tashar mota.

Daga ranar Madugu ya ƙi gada. A lallashe shi, a ja shi, a tura shi, da ya iso bakin siminti sai ya kafe ƙafafu ya sunkuyar da kai. Mahauta suka koma jan shanu ɗaya-ɗaya da igiya, ƙarti na gaba ƙarti na baya, ana zage-zage. Nama ya riƙa isa kasuwa a makare, masu tuwo suna masifa, masu tsire suna hura wuta a kan tsinke babu komai.

Sai Sarkin Fawa, Alhaji Mahamman, ya aika a kira Lukmanu. Alhaji Mahamman ba mugu ba ne, mutum ne dai da in ya dubi dabba, nauyinta yake gani. Lukmanu ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe."

"Lukmanu, jam na, lafiya dai? Zauna. Ka san za a yi bikin buɗe gada. Mer, shugaban hukumar gari, zai zo, Turawan da suka ba da kyautar za su zo. An ce ana so su ga garke ya ƙetare a gabansu, su san abinsu ya yi amfani, ni kuma na amsa. An kuma ce mahauta su ba da sa ɗaya na abincin baƙi, shi ma na amsa."

"Allah ya ƙara girma."

"Amin. To, ka ji yadda za a yi. In Madugu ya ja garke ranar, sai mu nemi wani san mu yanka. In bai ja ba, an huta da nema."

Lukmanu ya ƙara durƙusawa. Da ƙyar ya ce, "Ranka ya daɗe, ai tsoho ne, namansa igiya ne. Haƙoran Turawa ba za su iya ba."

"Za a dafa shi tun safe," in ji Sarki.

Ranar Lukmanu bai ci tuwo ba. Ya zauna kusa da san, ya rasa labarin da zai ba shi. Amma baƙin ciki ba ya daɗewa a jikin Lukmanu, nan da nan yake juyewa ya zama dabara, dabarar kuma ta zama tsalle. Ya fara da neman tsohon bututu. Ya bi sawunsa har unguwar maƙera, ya tarar an riga an yanyanka shi, wani ya zama ƙafar gado, wani murhu, wani sandar rumfa. Ya dawo ya kwashe tsofaffin zannuwan Hajjo ya lulluɓe sabon ƙarfen don ya rage zafi, gada ta koma kamar wurin shanya. Madugu ya shinshina zani ɗaya, ya ci gefensa, ya koma inda yake. Célestin ya iso a guje yana ɗaga hannuwa.

"Non, non, non! Baba Lukmanu, in mer ya ga wannan, ni za a shanya! Cire, don Allah, cire."

"Malam Célestin, a ɗaga mini ƙarfen nan kaɗan mana, ya kai nan." Ya nuna ƙirjinsa.

"Ba zai yiwu ba, Baba. An zuba siminti. Ni ma san nan yana ba ni tausayi, wallahi, ubana yana da irinsa a dutse, a cikin ɗaki muke kiwonsa. Amma ƙarfe na mota ne."

Hajjo ta zo ta kwashe zannuwanta da kanta.

Ana gobe biki, da yamma, Hajjo ta daka kanwa za ta sa a wake, ta bar turmin a tsakar gida. Lukmanu na zaune ya rafka tagumi, sai ya ga Madugu ya miƙa wuya ya zura harshe cikin turmi, yana lasa yana lumshe idonsa mai gani. Lukmanu ya miƙe tsaye a hankali. Ya tuna Banyo, yadda makiyaya ke kora garke tafiyar kwanaki zuwa ruwan kanwa, yadda shanu ke jin ƙanshinsa daga nesa su sheƙa a guje ba mai iya tare su. Ya tuɓe hula ya buga a cinya, ya daka tsalle, ya kama Hajjo ya jijjiga har ludayi ya faɗi.

"Hajjo! Kanwa! Sa zai bi kanwa ko cikin wuta ne!"

"Sake ni, Baban Saudatu. Kanwar me kuma?"

"In na shafa ta a ƙarfen, yana lasa yana gaba, yana lasa yana gaba, kafin ya farga ya ƙetare!"

Hajjo ta juya maganar a ranta. Ta ji akwai abin da bai zauna ba a ciki, amma ta kasa kama shi, ga kuma mijinta da ya kwana biyu bai yi dariya ba yana dariya. Sai ta ce Allah ya sa a dace. Lukmanu ya ruga kasuwa ya sayo jar kanwa da gishiri, ya jiƙa a manyan bokitai, ya yi kauri.

Da aka idar da sallar asuba suka fita, Hajjo ɗauke da bokiti a ka, shi riƙe da tsintsiya. Ya shafe ƙarfen dama tun daga farko har ƙarshe. Ya ga sauran ruwa, ya tuna ai akwai dawowa, ya shafe na hagu ma. Ya ga har yanzu da saura, ya ƙara wa kowanne shafa ta biyu, don Lukmanu bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba. Rana ta fito ta busar da shi, ƙarfe ya ƙara fari. Célestin ya zo duba aiki, ya ga tsintsiya da bokiti, ya kama hannun Lukmanu da hannu biyu.

"Kai ka wanke mana? Merci, Baba, merci! Allah ya biya ka."

Lukmanu ya ce ba komai, ai gadar ta kowa ce.

Da hantsi wuri ya cika maƙil. 'Yan lakol, wato 'yan makaranta, sun jeru da ƙananan tutoci kore da ja da rawaya, an kafa rumfa a hayin kwata, mer na zaune cikin babbar riga, kusa da shi Turawa biyu da rana ta mayar jajaye, sai Sarkin Fawa da rawaninsa. Masu kalangun mahauta suna kiɗa kamar za su fasa fata. Aka yi jawabi da Faransanci, aka juya da Fulatanci, aka yanke ƙyalle, aka tafa. Sai aka ɗaga hannu daga rumfa, alamar a sako garke.

Madugu ya iso bakin siminti ya kafe ƙafafu yadda ya saba. Sai hancin san ya motsa. Ya miƙa wuya, ya shinshina ƙarfen dama, ya zaro harshe ya lasa. Ya ɗaga ƙafa ya taka gada. Ya ƙara lasa, ya ƙara taku. Lukmanu ya wurga hularsa sama, bai ma duba inda ta faɗi ba, yana ihu yana cewa a duba, a duba, a gaya wa Sarki ya nemi wani san. Masu kalangu suka ƙara wuta. Garke ya biyo baya ya hau gada lafiya lau.

A nan ne abin da Hajjo ta kasa kamawa ya fito fili. Lukmanu ya yi lissafin harshe ɗaya, ya manta duk saniyar da ke garken da nata harshen ta zo, kuma shanun daji ne da suka yi wata da watanni ba su ɗanɗani kanwa ba. Ta farko ta juya dama ta manna baki a ƙarfe. Ta biyu ta juya hagu. Kafin a ce wani abu, garke duka ya rabu biyu ya jeru a gefen gada, kawuna a ƙarfe, gindi a tsakiyar hanya, wutsiyoyi na kaɗawa. Kalangu ya mutu. Ba abin da ake ji sai ƙarar harsuna a kan ƙarfe, sharaf, sharaf, daga wannan hayi zuwa wancan.

Wani ɗan lakol ne ya fara ƙyalƙyalewa, sai dariya ta kama wuri kamar gobara. Mata suna riƙe ciki, mahauta suna dukan juna, limamin da saniya ta taɓa kora yana share hawaye da hannun riga. Awakin unguwa suka ji ƙanshi suka kutso ta tsakanin ƙafafun jama'a, wani jaki ya jawo mai shi da kayan itacensa har kan gada. Ɗaya daga cikin Turawan ya miƙe yana ɗaukar hoto. Célestin ya dangwali ƙarfe da yatsa ya kai baki, ya juyo ya dubi Lukmanu, ya ce, "Mon Dieu, Baba, miya ka dafa?"

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, mer da Sarkin Fawa. Mer ya sunkuya ya faɗa wa Sarkin Fawa magana a kunne, Sarki ya yafito wasu ƙarti biyu, suka ɗauko igiya suka tsaya a bakin gada. Lukmanu ya hango igiyar daga nesa, dariyar da ta fara kama shi ta koma ciki. Wani jandarma ya kai usur baki, direban motar baƙi ya ɗora hannu a kan oda, Célestin ya daka musu tsawa.

"Doucement! Kada wanda ya busa komai! In suka firgita a kan gadar nan, da su da mu duk a lambun albasa za mu kwana!"

Lukmanu ya kutsa tsakanin shanu yana dafa bayansu har ya isa gaba. Ya tarar Madugu ya daina lasa tuni. Kanwa ta yaudare shi ya shigo tsakiyar gada, yanzu ya farga inda yake. Yana tsaye yana rawar jiki, yana karkata dama a hankali yana neman abin jingina, da ya ji babu sai ya dawo da sauri, ya sake karkata, ya sake dawowa. Tausayi ya kama Lukmanu. Da hannunsa ya jijjige wa san nan bututunsa, yana waƙa.

Bai yi shawara da kowa ba. Ya matsa ya shige tsakanin san da ƙarfe, ya kafa kafaɗarsa ta hagu a haƙarƙarin Madugu, ya ce, "To, ga ni. Jingina."

Madugu ya karkata, ya ji abu a daidai inda ya saba ji. Ya tsaya. Ya ƙara karkata, abin bai gudu ba. Sai ya saki nauyinsa gaba ɗaya, nauyin tsohon sa, a kan mutumin da bai kai buhun gero biyu ba. Ƙafar Lukmanu ta manne da ƙarfen da rana ta riga ta gasa, ya ji zafin har ƙwaƙwalwa, ya cije leɓe bai motsa ba. Rawar jikin san ta lafa. Ya ɗaga kai, ya yi wani kuka gajere mai kauri, wanda yake yi kullum in zai tashi da garke, ya ɗaga ƙafa.

Saniyar da ke kusa ta ɗago baki daga ƙarfe ta bi shi. Ta bayanta ta ga an tafi, ta yi lasar ƙarshe ta bi. Haka suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya, har da awaki, har da jaki da mai shi. Madugu na gaba yana takunsa na ƙasaita, a gefensa ɗan mutum ba hula, a karkace, yana jan ƙafa yana haki, yana kuma dariya hawaye na zuba. Masu kalangu suka dawo hayyacinsu suka saki kiɗa, mata suka rangaɗa guɗa, Hajjo ta fi kowa.

A bakin gada ƙartin nan biyu suka matso da igiya, suka dubi Sarki. Alhaji Mahamman ya daɗe yana kallon san, yana kallon ƙafar Lukmanu da fatarta ta saluɓe.

"Lukmanu, yau ka kunyata ni a gaban baƙi."

"Na tuba, ranka ya daɗe. Amma ya ja garke."

"Na gani. Kullum haka za ka riƙa yi masa?"

"Kullum, ranka ya daɗe."

Sarki ya juya ga ƙartin ya ce su shiga garke su zaɓi mai ƙiba. Lukmanu ya so ya daka tsalle, ƙafa ta ƙi, sai ya cafki Sarkin Fawa da kansa ya jijjiga shi har rawani ya karkace. Aka ɓamɓare shi da ƙyar. Washegari Célestin ya ba shi bokiti da tsumma, ya wanke gada tas daga wannan hayi zuwa wancan, awaki na biye da shi.

Ya cika alkawari. Duk ranar kasuwa, rani da damina, Lukmanu na tsakanin Madugu da ƙarfe, zuwa da dawowa. Hajjo ta ɗinka masa ƙyalle mai kauri a kafaɗar riga, ya naɗe ƙafarsa da fata saboda zafi. Suka yi shekaru a haka, san na ƙara nauyin jingina, mutumin na ƙara karkacewa.

Wata safiya Madugu ya kasa tashi. Duk ɗan gidan fawa ya san abin da ake yi in dabba ta kai nan: a ruga a kira mai wuƙa kafin rai ya fita, kada nama ya zama mushe. Gidan mahauci na nan kusa, kira ɗaya zai ji. Hajjo ta dubi mijinta, ta ɗauki mayafi ta nufi ƙofa, ta tsaya, sai ta tura ƙyauren ta sa sakata. Lukmanu ya zauna a ƙasa ta wajen idon da ba ya gani, ya jingina kafaɗarsa da haƙarƙarin san, ya shiga ba shi labarin kasuwa har numfashin ya tsaya.

Mahautan Garwa sun yi wata guda ba sa amsa gaisuwarsa, suna cewa ba a taɓa asara irin wannan ba, sa guda na ƙungiya ya mutu a gidan ɗan mahauci da wuyansa lafiya. Lukmanu ya ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa wa Sarki, ya amsa laifinsa. Yana fitowa daga zauren Sarki ya tuɓe hula ya buga a cinya.